Notin Motar Baba

Tela yana tsaka da ɗinki ya ji taya ta fashe. Wata tsohuwar mota ta gangara ta tsaya a ƙofar shagonsa, budurwa ta fito cikin fararen kayan asibiti tana duba agogo.

"Sannu Malama. Akwai wata tayar a but?"

"Akwai, ga jak ga sifana. Ƙarfin ne babu."

Ya durƙusa ya fara kwance tayar. Sauran notin duk suka kwance, ɗaya ya kafe. Ga ta tsaye tana kallonsa, shi kuma ba ya son ya ji kunya. Sai ya ɗora ƙafar da ta saba taka keken ɗinki a kan sifana, ya hau da dukkan nauyinsa. Ƙas! Noti ya fita tare da guntun ƙarfen da yake ɗaure a kai.

"Na shiga uku! Motar Baba ce, ko wanke ta ba ya bari a yi masa."

Duk da haka ta yi masa godiya, har ta ba shi lambarta don a san yadda za a yi da gyara. Maganar gyara ta koma hira, hira ta koma wani abu daban.

Ranar da ya je gaida mahaifinta, tsohon direba, ya tarar da motar a kan bulo a tsakar gida. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai hawa sifana? Wanda ya take ƙarfe don ya yi masa gardama, me zai yi wa 'yata ranar da ta yi masa?"

Tela ya sunkuyar da kai.

Ana haka Gwaggonta ta kawo nata ɗan takarar, wani dillalin motoci. Tun zuwan farko ya nuna motar ya ce a kwashe wannan tarkacen, zai aiko da sabuwa. Baba ya ɗaure fuska.

Ƙarfen da ya karye irin na motocin zamanin da ne, an daina kawo shi. Tela ya riƙa rufe shago yana bin masu tsofaffin kayan mota, bai gaya wa budurwar ba don gudun kada ya dawo hannu wofi. Ta wuce ta ga ƙofa a rufe, ta kira ba a ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo:

"Telana, in ka janye ne ka faɗa min da bakinka. Gwaggo har ta fara zaɓa min labule."

Ya amsa da yatsu baƙi ƙirin da baƙin mai:

"Sanyin idona, ki ce ta dakata, ni zan ɗinka shi. Na samo ƙarfen motar. Gobe ina tafe."

Washegari ya miƙa wa Baba ƙarfen. Amma zaman da motar ta yi ya sa ɗaya tayar ta sace, notinta ma ya yi tsatsa. Baba ya miƙo masa sifana. Tela ya gwada sau ɗaya, ya ji ya cije. Ya ciro 'yar kwalbar man kekensa ya ɗiga, ya ajiye sifana, ya samu wuri ya zauna.

Ya ba man lokaci ya ratsa tsatsar. Can Baba ya fara magana da kansa: yadda shi da marigayiya matarsa suka sayi motar, yadda ya kai ta asibiti a cikinta ranar haihuwar yarinyar, tana ta yi masa faɗa kan ramukan hanya. Tela bai katse shi ba ko sau ɗaya. Da ya tashi ya murɗa a hankali, notin ya biyo.

Baba ya share ido da gefen hularsa.

"Tun rasuwarta ba wanda ya zauna ya ji wannan labarin. Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Gwaggo ce kan gaba wajen rawa, tana cewa ita dai ta samu suruki mai ɗinki kyauta. Amarya ta durƙusa gaban mahaifinta, kuka ya hana ta gama godiyar da ta faro. Baba ya kama hannunta ya sa a na Tela.

"Ni ne da godiya. Ku je, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku abin da kuka yi min."

"Amin, Baba," suka faɗa tare.