Rubutun da Ke Bayan Hoto

"Karanta," in ji Baba. "Da ƙarfi, yadda kowa zai ji."

Ya miƙo mini wayar Yaya. An kashe injin yankan katako, shagon ya yi tsit. A allon wayar hoton shafin intanet ɗin shagonmu ne, wanda na gina da hannuna. Sabis ya yi rauni ranar, hotuna sun ƙi buɗewa, sai rubutu ya fito a gurbin kowane hoto.

Rubutuna.

"Kujerar falo ruwan zuma, mai faɗin hannu," na karanta. "Wanda ya zauna a kanta ba ya son tashi... Ni ma haka nake ji idan kana magana."

"Ci gaba."

"Teburin cin abinci mai kujeru shida. Biyu sun ishe mu."

Yaya ya ja tsaki mai tsawo. Abokinsa Mai Kafe, mai shagon intanet, yana jingine da ƙofa, ya sunkuyar da kai wai shi mai jin kunya, alhali shi ya ɗauki hoton abin ya tura wa Yaya tun da safe.

"Saura ɗaya," in ji Baba.

"Kabad mai madubi. Yau na tsaya a gabansa na ce, ina ma ka san ina da wushirya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da gudu zan shige.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ce ni Auta na haukace.

Shekara guda kafin wannan ranar na shiga wani aji a intanet inda ake koyon gina shafi kyauta. Babu malami, mu ne ɗaliban, mu ne malaman. Doka biyu ce kawai. Wanda ya gama mataki sai ya koyar da na bayansa, kuma aikin kowa ba ya fita duniya sai wani ɗan aji ya duba ya sa hannu. Muna haɗuwa Talata da Asabar bayan la'asar, kowa ya rufe kyamara saboda data, muryoyi kawai da laƙabi.

Ni kuma rabona ya faɗa kan wanda duk aji ke gudu, mai suna Jan Biro.

Na zaɓi shagon Baba ya zama aikina. Na ɗauki hotunan kujeru da tebura, na jera su tsaf, ni da kaina na san abin ya yi kyau. Jan Biro ya dawo mini da shi. Wai kowane hoto yana da wani ɓoyayyen gurbi a bayansa da ake rubuta abin da ke cikin hoton, ni kuma na bar nawa wayam. Na rubuta "kujera". Ya dawo da shi, wai wace irin kujera. Na rubuta "kujera mai kyau". Ya dawo da shi.

Sau goma sha ɗaya, jama'a. Ina ƙirgawa.

A na sha ɗayan ne na fashe a gaban mutum talatin.

"Malam, wai kai makaho ne? Ba ka ganin kyan shafin?"



"Eh," ya ce, muryarsa ko gezau. "Tun ina ɗan shekara tara. Saurari shafinki yadda nake jin sa."

Ya ƙara sautin kwamfutarsa, wadda ke karanta masa duk abin da ke allo. Wata murya ta inji ta fara: hoto, hoto, kujera, hoto, hoto.

"Wannan shi ne shagon babanki a wurina, Auta."

Ranar ban iya cin abinci ba. Kunya ta ishe ni, na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Washegari na shiga shago da littafi, na bi kayan ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, ina rubuta launi da tsayi da santsi. Na tura masa haɗe da ban haƙuri. Amsarsa layi ɗaya ce: "Yau na shiga shagon." Ya sa hannu.

Daga nan fa abu ya fara. Shafin yana da kwafi biyu, na gwaji wanda daga ni sai mai dubawa, da na kasuwa wanda duniya ke gani. A na gwajin na fara ƙara 'yar kalma a ƙarshen bayani, don in ji ko yana karantawa har ƙarshe. Ashe ko ɗigo ba ya tsallakewa. Ya riƙa amsa mini a wurin gyara, tsakanin "rufe wannan layin" da "rage nauyin hoton nan". Wata rana na tarar ya rubuta, "Babu kuskure yau, rabin raina, amma zan nemo don ki sake turowa."

Na kamu, ba ƙaramin kamu ba.

Ranar Alhamis ɗin nan ina ƙara sabbin hotuna, Mama ta ƙwala mini kira wai tukunya na ƙonewa. Cikin sauri na tura kwafin gwaji zuwa kasuwa, ban jira sa hannun kowa ba. Dokar aji ta biyu na taka, ita kuma ta rama. Abin da ban tuna ba shi ne, idan hoto ya ƙi buɗewa, rubutun bayansa ne ke fitowa fili.

Mai Kafe kuwa dama yana cike da ni. Tun da na daina zuwa shagonsa na intanet, kuma Baba ya ce 'yarsa za ta gina masa shafi ba sai an ɗauko wani ba, yake neman hanya. Ga shi ya daɗe yana aiko Yaya da maganar yana so na. Ya cika wa Yaya kunne cewa ajin nan tarkon 'yan mata ne, ina aka taɓa koyar da sana'a kyauta.

Baba ya karɓi kwamfutata ya saka a durowar kayan aiki, ya murza makulli. Ya tambaye ni ko wane ne, na faɗa masa iya abin da na sani.

"Ya zo ranar Asabar. Ina so in kalli idon mutumin da ke sa 'yata zubar da mutuncin shagona."

"Baba..." na ce. "Ba ya gani."

Yaya ya yi tsalle kamar ya taka ƙusa. Ya ce duk mazan duniya na rasa wanda zan kwaso sai wanda zan riƙa ja da sanda. Baba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce duk da haka ya zo, da bakinsa zai gaya masa ya fita hanyata. A gida Mama ta yi ta sharar hawaye tana tambayar wa zai kula da wani a cikinmu, amma da Baba ya fita ita ce ta turo mini wayarta a ƙarƙashin filo, tunda tawa ma an karɓe.

Na kira Jan Biro ina kuka. Ya ce ya riga ya sani, shi da 'yan aji biyu sun mayar da tsohon kwafin tun tuni.

"Kin tura ba a duba ba, Auta."

"Yanzu ma gyara za ka yi mini?"

Ya yi 'yar dariya. "Zan zo. Idan ya kore ni, ya kore ni a tsaye."

Asabar da hantsi tasi ta tsaya a ƙofar shago. Jan Biro ya fito shi kaɗai, dogo, siriri fiye da muryarsa, da farar sanda a hannu. Ranar na fara ganin sa, kuma zuciyata ta ce eh tun bai yi sallama ba. Ina bayan kantar shago, Baba ya ce kada in motsa.

Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa a taƙaice. Mai Kafe, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya matso yana magana da ƙarfi kamar da kurma yake yi. Ya ce tunda an ce shi ne mai duba shafin, to ya faɗa musu abin da ke cikin shagon mana, a gani.

Na ji kamar in jefe shi da guduma.

Jan Biro ya juya wajen Baba. "Baba, ka ba ni izini in taɓa kayanka?"

Baba ya ce bismillah.

Ya naɗe sandarsa. Ya kai hannu dama, ya shafa, ya ce wannan ce kujera ruwan zuma, saƙar bayanta ta fi ta sauran ƙanƙanta. Ya matsa gaba ya ce ga kabad mai madubi, ƙofar hagu tana da ɗan nauyi. Ya bi shagon nan kaf, yana kiran kowane abu da launinsa, har da wanda aka yi da ragowar katakon wani. Yaya ya saki baki. Da ya isa lungu ya durƙusa gaban wata 'yar tsohuwar kujera, ya daɗe yana shafa ta.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce. Ita ka fara yi a rayuwarka, ka yi wa Mama. An sauya mata ƙafa ɗaya." Ya ɗago. "Auta ta rubuta cewa ba ka taɓa barin ƙasan kujera da kaushi ba, ko da ba mai leƙawa. Ta ce da ido rufe kake duba aikinka."

Baba ya kalle ni. Ashe Mai Kafe bai tura wannan ba, ya zaɓi guda ukun da za su ƙona ni ne kawai.

Jan Biro ya dawo kan teburin nan mai kujeru shida. Ya shafa samansa, sannan ya zura hannu ƙasa. Sai ya tsaya.

"Ka gafarce ni, Baba. Wannan ba hannunka ba ne."

Baba ya taso. Ya rufe ido, ya zura nasa hannun, ya bi ƙasan teburin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Da ya buɗe ido, kan Yaya ya sauke su. Yaya ya fara kame-kame, wai ai ba mai kallon wurin, wai takardar gugar ce ta ƙare. Mai Kafe kuwa ya tuna ya bar shagonsa a buɗe, ya sulale ko sallama babu.

"Sau nawa ka mayar wa 'yata da aikinta?" in ji Baba.

"Goma sha ɗaya."

Baba ya nuna Yaya. "Ni sau uku nake mayar wa wannan. Ashe sakaci nake yi."

Na toshe baki kada dariya ta kufce. Amma Baba bai gama ba. Ya jawo kujera ya zaunar da shi, ya tambaye shi abin da ya kira shi dominsa: da me zai riƙe 'yar mutane? Jan Biro ya yi bayani dalla-dalla. Yana aiki da wani kamfani, yana gina shafuka yana gwada na wasu. Yana zaune a gidan haya shi kaɗai shekara huɗu, shi ke girkinsa da wankinsa. A wannan ajin ya koyi sana'ar kyauta, shi ya sa yake koyarwa kyauta.

"Abu ɗaya ne ba zan iya ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ba zan taɓa ganin fuskarta ba." Muryarsa ta ɗan girgiza, karo na farko da na ji haka. "Amma tunda na san ta, ba ta taɓa faɗin kalma na bar ta ta faɗi ƙasa ba. Ina son ta, Baba."

Hawaye suka wanke mini fuska, ban ko share ba.

Har na fidda rai. Sai Baba ya laluba aljihu, ya buɗe durowa, ya ɗauko kwamfutata ya hure ƙurar katakon da ke kanta.

"Auta, zo ki gyara mini shafina. Wannan karon ki bari a duba." Ya juya ga Jan Biro. "Kai kuma ka gaya wa manyanka ina jiran su."

Ya nuna Yaya da yatsa, ya ce ya kifa teburin nan ya goge ƙasansa har sai baƙo ya sa hannu, sannan a cire shi daga shafi don ya riga ya sami gida.

"Kuma duka shidan za ku tafi da su," ya ce, yana hararata. "Wai biyu sun ishe ku. Mu a ƙasa za mu zauna idan mun zo?"

Sau huɗu Jan Biro ya mayar wa Yaya da teburin. Ina ƙirgawa.

Wata biyar bayan haka aka ɗaura mana aure. Na gama matakin ƙarshe, yanzu ina da nawa rukunin na mutum takwas, shida mata, kuma na ji labarin a bayan idona suna kira na Jan Biro Ƙarama. Ko a jikina. Mama da ta yi ta kuka, yanzu idan ta kira wayata cewa take in ba ta ɗanta.

Ran da aka kawo hotunan biki na zauna a kan teburinmu ina rubuta bayanin kowanne, shi kuma yana gefena da abin sauraro a kunne. Da na zo kan nawa, na rubuta: amarya tana dariya, tana da wushirya.

Ya cire abin kunnen yana murmushi.

"Wannan kam tsohon labari ne, rabin raina. Tun ranar da kika zage ni a aji na ji iska na fita ta wurin."

Na ɗaga hannu zan kai masa duka, ya cafke shi tun bai sauka ba.