Harsasai Uku a Cikin Ciyawa

Da hantsin ranar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda na gindin duwatsun Hidaka, aka ce beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, ya kashe Tsugawa maharbi. Insifekta Hiwatashi ya ajiye dunƙulen shinkafar da yake ci, ya sa dogayen takalmansa.

Gawar tana cikin ciyawar gora, fuska na kallon sama. An samu beyar ɗin ma a mace can bakin rafi, harsashi ɗaya a ƙirji, sai dai bai faɗi da wuri ba. Hiwatashi ya daɗe a tsugune. Bindigar na gefe, murfin ƙarfen da ke tare harsasai a ƙarƙashinta a buɗe, yana reto. Harsasai uku da ba a harba ba suna kwance a ƙasa, wani ƙwaro yana hawan ɗaya daga cikinsu kamar ya samu gada.

Nonomura, abokin farautar mamacin, ya rantse yana tsaye kusa da shi, ya kuma ga hannun Tsugawa na rawa har ya bugi ƙugiyar murfin, harsasai suka zube.

"A kusa da shi kake?" in ji Hiwatashi.

"Kafaɗa da kafaɗa, yallaɓai."

"To hularka fa? Me ya kai ta kan reshe, taku ɗari biyu daga nan? Ko ita kaɗai ta tsorata?"

Nonomura ya sunkuyar da kai. Ya yarda cewa tun kafin harbin farko ya ranta a na kare, bai ga komai ba. Amma maganarsa ta riga ta shiga gari. Kafin la'asar, ana cewa a kantin taliya tsoro ya kama Tsugawa bayan shekara arba'in da ɗaya yana bin beyar.

Matar mamacin, Tomie, ta karɓi Insifekta a gaban hoton mijinta, turare na hayaƙi. Ba ta yi kuka ba. Ta ce mutuwar ba ta zo mata da mamaki ba, kullum ya fita takan shirya zuciyarta. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne a ƙone gawarsa jibi da sunan matsoraci.

Ya tambaye ta ko an taɓa bindigar kwanan nan. Ta ce tsohon murfin ya tsage, aka yi odar sabo, mijinta ya kai bindigar wurin Shibuki mai gyaran bindiga mako biyu da suka wuce.

Shibuki tsoho ne ƙanƙane, shagonsa na ƙamshin man ice. Ya zuba shayi, ya ce shi dai ya miƙa wa Tsugawa ƙarfen a cikin kwalinsa, Tsugawa kuma ya ce zai ɗaura da kansa a gida. Hiwatashi ya sha shayin yana kallon bindigogin da ke jiran gyara a bango. Kowace an ɗaure sukurorinta tsagarsu na kallon bakin bindiga, a jere kamar masu bin gawa. Ya yi godiya ya fita.

A ofis ya juya bindigar mamacin. Sukurori biyu na murfin, tsagarsu na kallon baki. Ya sa aka kwance su, aka ɗaga ƙarfen. A cikin ramin da aka sassaƙa masa a jikin ƙotar bindigar akwai tabo biyu baƙaƙe, irin na hayaƙin fitila. Bakin ƙugiyar kuwa yana ƙyalli, an ci shi da magagari har ya zama kamar farce.

Washegari da safe ya koma shagon, ya shimfiɗa ƙotar a kan tebur.

"Baba, koya mini. Wannan baƙin na mene ne?"

Shibuki ya dubi tabon. Sannan sana'a ta rinjaye shi, ya yi bayani: ana turara ƙarfe a kan fitila, a danna shi cikin ramin, duk inda baƙi ya fito nan ice ya tokare, sai a kankare wurin da cizal, ƙarfen sassaƙa, a sake gwadawa, har ƙarfe ya zauna daram.

"Tsugawa ya iya wannan?"

"Wa? Mutumin da ko fensir ba ya iya feƙewa?" Maganar ta fita kafin ya kama ta.

"To ka ga inda ya tokare, ba ka kankare ba. Murfi bai zauna ba, ƙugiya ta ƙi kamawa, sai ka goge bakinta. Harbin farko ya girgiza ta, ta saki. Tsugawa ya ja sakatar bindiga don harbi na biyu, ya tarar ba komai. Me ya sa, Baba?"

Tsohon ya shafa ƙotar da bayan yatsunsa. Ya ce wannan ita ce ƙota ta ƙarshe da maigidansa ya sassaƙa, wanda ya koya masa aiki shekara goma sha tara. A gidansu yaro ba ya sa cizal inda na maigida ya wuce, ko maigidan ya zama toka. Sau uku ya ɗauki cizal ɗin, sau uku ya ajiye. Ya rufe murfin ya ji ya yi ƙas, ya jijjiga bai buɗe ba, ya gaya wa kansa ya isa.

"Kaurin takarda ne kawai," in ji shi. "Kaurin takarda ɗaya na ice."

Hiwatashi ya sanar da shi cewa ya kama shi bisa laifin sakacin aiki da ya jawo asarar rai. Shibuki ya cire rigar aikinsa, ya ninke ta, ya roƙi abu guda: a bi da shi ta gidan Tomie. Doka ba ta ce a yi haka ba. Insifekta ya karkata motar.

Maharban gari sun cika gidan, sun zo gaisuwa, Nonomura a can ƙarshe kusa da takalma. Shibuki bai shiga ba. Ya durƙusa a kan dutsen bakin ƙofa, ya kai goshinsa ƙasa, ya ɗaga murya yadda na cikin ɗaki za su ji.

"Mijinki bai ji tsoro ba. Ya tsaya, ya harba daidai, ya nemi na biyu. Ni na zubar masa da su."

Tomie ta dube shi. Sannan ta juya ga hoton, ta rufe fuska da hannun rigarta, kukan ya zo.

Hiwatashi ya jira har tsohon ya ɗago da kansa, sannan ya kama shi a gwiwar hannu zuwa mota.