Ƙodar Yaya da Kumatun Gwaggo

Rana ta take tsaka, simintin tsakar gida har ƙuna yake yi wa tafin ƙafa, amma Auta tana tsugune gaban tulin wanki, hawayenta na ɗiga cikin kumfa. Lemarta kuwa tana can jingine da bango, an karya mata ƙarafuna. Allah sarki marainiya! Ta ɗago kai ta dubi ƙanwar mahaifinta da ke kishingiɗe a inuwa tana fifita, ta ce, "Gwaggo, don Allah ki bar ni in ja bahon nan zuwa inuwa... likita ya ce rana ba ta da kyau a fatata."

"Likita ya ce, likita ya ce!" Gwaggo ta watsa hannu. "Ke kaɗai aka taɓa yankawa a duniya? Mu da muka tsufa a rana, narkewa muka yi? Yi wankinki, sarauniyar lema!"

Auta ba ta da wani gata sai wanta, direban babbar mota, wanda take kira Yaya. Lokacin da ƙodojinta suka daina aiki, shi ya kwanta aka ciri tasa guda aka dasa mata, ya farfaɗo yana tambayar ko an bar masa abinci. Tun daga ranar bai ƙara gaishe ta kamar mutane ba. Duk inda ya tsaya da mota sai ya bugo waya: "Auta, ba ke nake nema ba, ajiyata nake tambaya. Tana lafiya? Ki gaya mata ina gaisuwa!" Ita kuma sai ta dafa gefen cikinta ta yi ta dariya har da hawaye.

Ajiyar nan tana da sharaɗi. Likita ya zaunar da Auta ya ce, "Ƙwayoyin nan suna kwantar da masu gadin jikinki ne, don kada su far wa ƙodar su ce baƙuwa ce. To idan masu gadi suka yi laushi, cuta ma tana samun ƙofa, har ciwon daji, musamman na fata. Ki guji rana, ki riƙa duba jikinki, duk tabon da kika gani ki zo. Amma ki ji ni da kyau, kada ki taɓa tsallake magani." Haka ta rungumi ƙwayoyin da duk halinsu. Hannunta ya riƙa ɗan rawa, mura ba ta wuce ta, fuskarta kuma ta cika ta yi zagaye, kumatu suka fito luhu-luhu.

Kumatun nan su suka jawo mata alheri, su kuma suka jawo mata masifa. Akwai wani mai gyaran agogo a bakin titinsu, mai gilashi ɗaure a ido ɗaya, wanda kullum ta wuce da lemarta sai ɗan ƙarfen gyaran da ke hannunsa ya faɗi. Da ya ji labarinta bai ja da baya ba. Agogon hannu ya gyara mata, ya saita shi yana kuka safe da yamma. "Idan ya yi ƙara ki sha magani," in ji shi, "idan kin gama kuma, in da sauran lokaci, ki tuna da wanda ya saita." Auta ta rufe fuska da mayafi ta gudu, zuciyarta fari ƙal.

Gwaggo kuwa irin matan nan ne da ko buhun abinci suka cinye ba ya nunawa. Wuya dogo, ƙasusuwan kafaɗa a waje, zani sai ta naɗa shi ta ƙara naɗawa. Kullum ta kalli kumatun Auta sai hassada ta taso mata. Ranar da wani ɗan tabo mai kaushi ya fito a bayan hannun yarinyar, ai sai ta samu abin yi! Ta yafa mayafi ta bi gida-gida, har gidan su mai agogo, tana matse ido: "Ciwon daji ne ya kama ta, maganin ne ya jawo. Ku raba ɗanku da gawa, ni dai na faɗa muku don Allah." Mahaifiyar mai agogo ta hana shi tsayawa da yarinyar. Auta ta wuce ta gaban shagonsa ta ga ya sunkuyar da kai, ta koma gida ta kifa fuska a filo tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatana... Ka tsare mini amanar Yaya!"

Kamar hakan bai isa ba, sai ƙwayoyinta suka fara ƙarewa tun ranar komawa asibiti ba ta zo ba. Ta duba ƙarƙashin gado, ta zazzage jaka, babu. Da ta tambaya, Gwaggo ta dafe ƙirji: "Ni kike tuhuma? Me zan yi da gubarki? Sakacinki ne!" Kunya da tsoro suka hana Auta gaya wa Yaya. Sai ta fara shan na safe ta bar na yamma. Agogo ya yi kuka, ita ma ta yi, ta danne shi da tafin hannu.

Wata safiya ta tashi da zazzaɓi, ƙafafu sun kumbura, gefen cikinta yana mata zogi. Yaya ya bugo da barkwancinsa, "Ina ajiyata?" Ta buɗe baki, kuka ya ƙwace mata. Bai ƙara tambaya ba. Ya bar mota a hannun abokin aikinsa ya kamo hanya, ya sure ta sai asibiti, Gwaggo na biye tana salati don mutane su gani.

Likita ya duba sakamakon jini, fuskarsa ta canza. "Jikinki ya fara yaƙar ƙodar. Kin tsallake magani?" Auta ta fashe da kuka: "Wallahi ba da gangan ba ne, likita... ɓacewa suke yi, ban san inda suke zuwa ba!" Gwaggo ta karɓe da sauri, ta ɗauko kofin ruwa wai za ta ba ta, tana cewa, "Yarinyar nan ba ta da natsuwa ne kawai." Sai kofin ya hau rawa a hannunta, kar-kar-kar, ruwa ya zube a takalmin likita.

Likita ya ɗago ya ƙare mata kallo. Yaya ma ya kalle ta, karo na farko tun isowarsa, ya ja da baya. "Gwaggo! Yaushe kika yi kumatu?" Lallai kam, fuska ta kumbura tim a kan siririn wuyan nan, ga gashi ya tsiro a haɓa, da likita ya ce ta buɗe baki kuma, dasashi ya hau kan haƙora, harshe duk farin ƙuraje.

"Baiwar Allah, me kike sha?" in ji likita.

Gwaggo ta rushe da kuka: "Ni ƙiba kawai nake so! Na ga ƙwayoyin sun karɓe ta... ban san wacce ce ta kumatu ba, shi ya sa nake ɗiba daga kowane kwali!" Wata ma'aikaciyar jinya ta juya baya kafaɗunta na girgiza. Yaya kuwa bai yi dariya ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, ya ce, "Gubar da kika bi gari kina zagi, ita kike sata ki haɗiya? Jikina na yanka na ba yarinyar nan, Gwaggo. Saboda kumatu za ki kashe mini ita?"

Allah Mai rahama, an zo da wuri. Aka kwantar da Auta aka yi mata ƙarin magani ta jijiya, ƙodar ta lafa ta ci gaba da aikinta. Tabon hannun ma aka cire aka auna, likita ya shigo da fara'a: "Bai kai ga zama komai ba, mun riga shi. Ki ci gaba da zuwa ana dubawa, ke da rana kuma ku yi sallama." Yaya ya faɗi ya yi sujada a nan tsakiyar ɗakin, ya tashi yana share ido yana cewa ƙura ce ta shiga.

Gwaggo ta yi jinyar bakinta a gadon da ke kallon na Auta, ba ta iya tauna komai, matan da ta bi gidajensu suna zuwa dubiya suna ƙunshe dariya. Auta ce ma take miƙa mata ruwa. Da aka sallami Gwaggo kumatun suka sace, haɓar ta daɗe ba ta koma daidai ba, ta tattara kayanta ta bar unguwar ba sallama. Mahaifiyar mai agogo kuwa da ƙafarta ta zo, ta riƙe hannun Auta tana hawaye: "Ki yafe mini, 'yata, na saurari bakin da bai kamata ba." Bayanta ga ɗanta yana leƙe, riƙe da sabuwar lema mai faɗi, wadda mutum biyu za su shiga.

Ranar aurensu, gida ya cika ana ta raha, sai agogon hannun amarya ya ɗauki kuka. Ango ya zabura ya kawo ruwa, ta haɗiye ƙwayoyinta a gaban kowa, ba ɓoyo ba kunya. Yaya ya matso, ya kauda kai daga gare ta kamar bai san ta ba, ya sunkuya saitin gefen cikinta ya ce, "Ajiyata, yau za ki canza gida. Suna kula da ke kuwa?"

Auta ta kamo hannunsa ta ɗora a wurin, dariya da hawaye suka haɗe mata. "Ta ce in gaya maka, Yaya, ta zauna ke nan. Ba ta dawowa."