Abin Da Tabita Ta Ɓoye Wa Kawage

Tabita na durƙushe gaban murhu tana juya dankali cikin toka, surukarta Inna Moro ta shigo tana yamutsa hanci.

"Har yanzu ba ki je gona ba? Kuma wannan zarnin da ke bin ki, kin zaci ba ma ji ne?"

Tabita ta sunkuyar da kai. Shekara biyu kenan, tun haihuwarta ta shida, wani nama ya zazzago mata daga gaba. Da farko takan tura shi da yatsa ya koma. Yanzu ya kai girman mangwaro, yana rataye, cinyoyinta sun goge shi har ya yi gyambo, fitsari kuma sai ya zubo ba ta sani ba. A haka take rataya jakar dankali a goshi ta hau tudun Gembogl. Kunya ta sa ta ƙaurace wa mijinta Kawage, ko hannunta ya taɓa sai ta janye.

Ranar Asabar dangi suka taru a tsakar gida, tana jin su ta bangon zana. Waim, yayan Kawage, shi ya fara.

"'Ya'ya mata biyar, namijin kuma ya mutu a goye. Yanzu ga ta tana ruɓewa. Mayu ne suka kama ta, ko kuma ta kwaso a waje. Mayar da ita gidansu, su dawo mana da aladun da muka bayar sadaki."

Kawage bai kare ta ba. Wannan ya fi maganar Waim yi mata ciwo.

Da suka watse ya shigo, ya same ta tana ɗaure kayanta.

"Tabita, me na yi miki? In kin daina sona ne, faɗa mini da bakinki."

Kuka ya ƙwace mata. Ta juya fuska ga bango, ta ɗaga zaninta. Kawage ya ga abin da idonsa.

"Da wannan kike hawa tudu?" in ji shi. "Ni kuwa ina gabanki da adda kawai a hannu..."

Da safe ya goya ta har bakin titi, suka hau motar haya zuwa asibitin mishan. Likitar ta ce ba maita ba ce, ba kuma cutar bin maza ba. Mahaifa ce ta sauko, saboda yawan haihuwa da ɗaukar kaya tun jego bai ƙare ba. Aka wanke gyambon, aka sa mata wani zoben roba da zai tokare mahaifar daga ciki. Bayan kwana uku zoben ya faɗo.

"Abin ya yi nisa," in ji likitar. "Sai tiyata. Za mu cire mahaifar, mu ɗinke wurin. Amma haihuwa ta ƙare."

Tabita ta girgiza kai. Ta san wanda ba shi da ɗa namiji, gonarsa ta 'ya'yan yayansa ce.

"A'a, Kawage. Zan jure, ko Allah zai ba mu namiji."

"Ki jure har ki mutu? Ba ni takardar in sa hannu, Likita."

Waim ya biyo su har asibiti. "In aka yanka ta, ka manta da gonarka ta kofi."

"Na manta, Yaya."

Aka yi aiki, aka yi nasara. Waim kuma ya cika maganarsa, ya kewaye gonar da shinge. Inna Moro ta yi wata huɗu ba ta taka gidansu ba. Likita ta hana Tabita ɗaukar nauyi, don haka Kawage ne ke rataya jakar dankali a goshi kamar mace, maza na yi masa dariya a hanya: "Uwargida, ina kwana?" Ya amsa musu da "Lafiya lau," ya wuce.

Wata rana da hantsi matar Waim ta zo, tana tafiya ƙafafu a buɗe. Ta zauna gefen Tabita, ta kasa haɗa ido da ita.

"Tabita... ni ma ina da irin ciwonki, shekara huɗu kenan. Ki raka ni wurin likitar nan."

Tabita ta riƙe hannunta, suka yi kuka tare. Bayan an yi wa matar aiki, Waim ya cire shingen da hannunsa, bai dai taɓa buɗe baki ya nemi gafara ba.

Tabita takan gaya wa 'ya'yanta mata cewa ciwon jiki ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ya kusa raba ta da gidanta. Takan ƙara da cewa kada su auri mai daɗin baki. Su nemi wanda zai ga lalurarsu da idonsa, dangi su matsa masa, ya kuma ƙi tafiya.