Jakuna Talatin Na Arzika

Kaltume, ƙanwar uwar Hajjo, ita ta fara warware mini wannan labari daga tushe, don lokacin da abin ya faru ina gidan miji a Dandin Mahe, rabi da rabi nake ji. Arzika ƙanena ne, ciki ɗaya. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi.

Mu mutanen Shagari ne, amma a Bodinga Arzika ya yi karatu, elementare da safe, da yamma zauren Malam Mijinyawa. Can ya koyi zayyanar allo, can kuma ya ga Hajjo, ɗiyar Malam. Aka yi baiko. Malam ya ce sana'a kawai yake nema, don zayyana ba ta ciyar da mace, gonarmu kuwa bakuna sun yi mata yawa. Ya ba shi zuwa kaka. In babu, kowa ya kama gabansa.

Sai masu majigi suka zo Bodinga, suka nuna wani sauro na zane yana tashi yana cizon mutum. Kowa na dariya, Arzika na bin tafinta da tambaya. Tafintan ya ce ba sihiri ba ne, zane ne da yawa, kowanne ya ɗan bambanta da na bayansa, in aka wuce da su da sauri sai ido ya ga motsi. Ya ce ofishinsu a Kaduna na neman saurayi ɗaya mai hannu da za a koya wa aikin, a rubuta takardar nema, a zo da samfur.

Yaron nan ya sayar da akuyarsa ya sayo takarda da fensir a Sakkwato. Wata biyu yana bin jakin maƙwabcinmu kamar mai bin gado. Ya zana shi sau talatin da mangalar albasa, ya ɗinke gefen takardun da zare. In ka karkaɗa su da babban yatsa, sai jaki ya yi tafiya, ya tsaya. Ɗakinsa na yoyo, sai ya ba Hajjo ta ajiye a adudun uwarta.

Dariyar ƙawayenta ce ta jawo Malam, tana karkaɗa musu a tsakar gida. Bai yi faɗa ba. Ya karɓa ya shiga zaure, ya tsoma alƙalami a tawada, ya ja layi a wuyan kowane jaki, ɗaya bayan ɗaya har talatin. Haka malamanmu ke yi: abin da aka raba kansa da jikinsa ba mai rai ba ne, ba za a ce wa mai zanen ya hura masa rai ranar ƙiyama ba.

Saura kwana huɗu Arzika ya kama hanyar Kaduna. Babu akuya, babu takarda.

Kaltume ta ce da takalmi ya shiga zauren nan, zauren da ya girma a ciki.

"Malam, in ba ka son ba ni ɗiyarka ka hwaɗi, ba sai ka yanka min abinci ba."

"Ɗiya na ba ka tun tuni," in ji Malam. "Wuta ce nika hana ka."

Arzika ya watsar da takardun ya fita. Innarmu, Allah ya jiƙanta, bakinta ba ya jira. Ta aika a maido kayan baiko, ta ce gidan da ake yanka jakin takarda, wa ya san abin da za a yi wa suruki? Uwar Hajjo ta ce a zo a kwashe, dama sun tare mata ɗaki. Hajjo ta kwana biyu ko fura ba ta sha ba, idanu sun kumbura. Duk wanda ya tambaye ta bayan wa take, sai ta ce ba ta da baya, su biyun nata ne.

Rana ta uku ta tsince takardun, ta yi ta karkaɗawa tana kallo. Sai ta roƙi Kaltume ta raka ta Shagari. Ta sami Arzika gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, ba ta kira sunansa ba, kun san kunyar da. Ta karkaɗa masa a fuska.

"Duba. Hannun Baba bai karkace ba ko sau guda. Wuri ɗai yas sa layin, duk talatin."

"Zuwa kika yi ki yaba mai?"

"Zuwa na yi in tambaye ka — in za a ɗaura wa jaki igiya, ina aka ɗaura ta?"

Ya kai hannu zai fizge. Ta ɓoye su cikin mayafi, ta ce ko ɗigo ba za a ƙara ba sai Baba ya yarda.

Ya je wurin Malam. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, ya durƙusa, ya ce Allah gafarta Malam, baki ya riga hankali. Sannan ya yi tambayarsa, ko Malam zai yarda ya mai da layukan nan igiya. Malam ya daɗe yana jan carbi, kafin ya ce yankan yana nan, kada a kankare shi. Abin da za a rataya masa kuwa, wannan tsakaninsa ne da jakin. Ya tura masa kurtun tawadarsa. A zauren Arzika ya yini, yana fitar da guntun igiya daga kowane layi, tana reto.

A Kaduna su goma sha ɗaya ne, wasu har da satifiket ɗin midil. Baturen ofishin ya karkaɗa na Arzika sau uku, ya sa tafinta ya tambaye shi wa ya koya masa cewa in jaki ya tsaya, igiya ba ta tsayawa nan take. Ya ce surukinsa ne ya fara zana ta.

Amsa ba ta zo da wuri ba. Aka yanke gero, aka yanke dawa, wa'adi ya wuce. Mutane suka yi ta tuna wa Malam maganarsa, ya ce bai manta ba, shi dai bai ga kaka ta ƙare ba tunda albasa na ƙasa. Sai ga wasiƙa. An ɗauke shi a ƙasan kowa, wankin buroshi da kwafar zanen wasu, amma aiki ne. Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla.

To, 'yan jikokina, ku riƙe wannan: ba duk wanda ya ɓata muku abu ne maƙiyi ba, wani tsoron halakarku ne ya sa shi. Mai fushi ɓarna yake gani, mai haƙuri shi ke ganin inda za a ɗaura igiya.

Ni ma ban tsira ba. Tun da na ji an ɓata takardun na daina gaida Malam, ko a bikin ban durƙusa masa ba. Da Kaltume ta gama, kunya ta rufe ni. Washegari da safe na dama fura, na zuba nono mai kyau, na bi 'yan kasuwa zuwa Bodinga. Na ajiye ƙwaryar a ƙofar zaure, na durƙusa, na yi gaisuwar da na riƙe wata tara.