Bindigar Ƙarshe ta Coy Stidham

Da hantsin ranar Litinin aka bugo wa Sufeto Darrell Haskew waya cewa an yi sata a shagon Stidham. Ya ajiye kofinsa ko rabi bai sha ba, ya ɗauki hula.

A garinmu da ke tsaunukan Ozark, duk namijin da ya haura arba'in ya taɓa ɓata yini a bencin shagon nan. Coy Stidham maƙerin bindiga ne. Ba daga tushe yake ƙera su ba. Sassa yake yin oda, sannan ya zauna da magagari yana goge su ɗaya bayan ɗaya har su zauna da juna daram. Fistol guda sai ta ci masa wata biyu, kuma in ka matsa masa ya ƙara maka na uku. Bara ya rasu, ya bar wa matarsa Verna shagon da wata fistol da ya gama kwana tara kafin ya kwanta ciwo.

Fistol ɗin nan aka sace.

Sufeto ya tarar da Verna tsaye gaban ƙaton sef, wato akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba, ƙofarsa a buɗe, babu ko ƙwarzane a jikinta. Warin man bindiga na nan yadda ya san shi tun yana saurayi, sai dai bencin babu kowa, kuma hakan ya taɓa masa zuciya.

"Mama Verna, wa ya san lambar sef ɗin nan?"

"Ni kaɗai," ta ce, tana gyara wata takarda da ba ta buƙatar gyara.

Ta ce ranar Asabar da yamma ta rufe komai lafiya, Lahadi tana coci, daga can ta wuce gidan 'yarta cin abinci. Ta kuma gaya masa cewa tun da safe ta sanar da hukumar tarayya, don doka ta ba mai shagon bindiga kwana biyu ne kacal. Sufeto ya san abin da hakan ke nufi. Magana ta bar hannun garinmu, ba ta janyuwa. Kuma duk wanda kotu ta kama da satar bindiga, ko ya fito daga kurkuku, ba zai sake riƙe bindiga ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya leƙa cikin sef ɗin. Akwai bindigogin da suka fi wadda aka ɗauke tsada, ba a taɓa su ba. Amma fistol biyu da ke gaban akwatin bindigar Coy an matsar da su gefe, an ja marfin kowace, wato ƙarfen saman da ke zamewa, baya an bar ta a buɗe, bakunansu duka suna kallon bango.

Ya tambayi Verna ko haka take ajiye su. Ta ce sam, a rufe take jera su, kuma tunda ta shigo ba ta taɓa komai ba.

Sufeto ya daɗe yana kallonsu. Ɓarawon da ke sauri ba ya tsayawa duba ko bindigar da zai ture akwai harsashi a ciki.

Ya tambaye ta ko wani ya sayi ta Coy. Ta ce Dokta Lyle Ambrose, likitan haƙori, kuma a ranar ne zai zo ya karɓa.

Dokta Ambrose baƙo ne a wurinmu, wato shekararsa goma sha ɗaya kacal a garin. Mutumin kirki ne, sai dai in ya kama abu ba ya saki. Shekara biyu da suka wuce harbi ya shiga ransa, yana zuwa filin harbi sau huɗu a mako, har bindigarsa ta kanti ta fara cijewa. Mako uku ya yi yana zaɓen sabuwa. Ya gwada guda shida, ya auna nauyin kunamar kowace, ya yi wa kowace maki a takarda kamar ɗalibai. Yana son wadda za ta sha harsashi dubu a wata ba ta yi gardama ba, ta kuma zauna masa a hannu. Duk garin ya gaji da jin labarin.

Sufeto ya same shi a asibitinsa tsakanin majinyata biyu.

"Likita, wa ya ba ka shawarar ta Coy?"

"Baba Hoyt, mai kula da filin harbi. Shi ya ce in daina wasa da takardu. Ya ce bindigar aiki ita ce wadda hannun mutum ya haɗa, ba inji ba."

"Kana da niyyar canja mata wani abu?"

"Ko kusa. Yadda Coy ya bar ta haka zan riƙe ta."

Sufeto ya miƙa hannu ya ɗauki wani ɗan akwati a kan tebur. Na'urar saiti ce ta zamani, mai haska jan ɗigo a kan abin da za a harba. Ya ce ai irin wannan ba ta hawa kan fistol sai an sa inji an rarake mata gurbi a marfi.

Likita ya yi ja har kunne. Ya amsa cewa idonsa ya fara rauni, kuma ya riga ya shirya da wani shago a Texas su yanka masa gurbin. Ya ɓoye ne don kada Verna ta fasa sayar masa.

"Wa ka gaya wa?"

"Baba Hoyt kaɗai. Ranar Asabar, a fili."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya ci gaba da share kwanson harsashi."

Sufeto ya tuƙa mota zuwa filin harbin ƙungiya a hankali, ya bi doguwar hanya da gangan. Hoyt Ledbetter shi ne mai kula da filin, shekararsa saba'in da takwas, aminin Coy tun zamansu na soja. Lokacin da Haskew ya shiga aikin ɗan sanda ya faɗi jarrabawar harbi sau biyu, saura ɗaya a sallame shi. Hoyt ne ya riƙe shi mako shida kowace safiya, bai karɓi ko sisi ba. Dokarsa ta farko, wadda ya dasa a kan rabin mazan garin nan, ita ce: duk bindigar da ka taɓa ka buɗe ta, ka juya bakinta ga bango, ko da ta wani ce.

A da ranar Asabar filin nan cika yake yi. Ana soya tarwaɗa a bayan rumfa, Coy na zagin saitin kowa, Hoyt na zagin Coy. Yanzu mota ɗaya ce a wurin.

Ya tarar da tsohon a rumfa yana dafa kofi.

"Darrell. Ka zo ka tuna yadda ake riƙe bindiga, ko tumbin ya hana?"

"Aiki ne ya kawo ni, Baba. Yaushe rabonka da harbi?"

"Ya fi mako. Kafaɗa ta matsa mini."

"Jiya fa, kana ina?"

"Coci."

"Baba, rabonka da coci tun jana'izar Coy."

Hoyt ya yi dariya kaɗan. Sufeto ya je ga kwandon shara ya zaro wata takardar saiti sabuwa, raɓa ba ta ma taɓa ta ba. Harbi bakwai, duk sun tattaru a rami guda da babban yatsa zai rufe. Ya ce ya san tsohuwar bindigar Hoyt, ta gaji, ba ta iya wannan. Sannan ya gaya masa yadda ya tarar da fistol biyun nan a sef.

Tsohon ya sauke kofin daga wuta.

"Na buɗe su ko?" ya ce. "Wallahi ban ma san na yi ba."

Ya je ya ɗauko fistol ɗin Coy daga ƙarƙashin benci, a naɗe cikin tsohuwar riga. Ya ce lambar sef Coy ne ya ba shi shekara talatin da suka wuce, Verna ta sani, rufa masa asiri kawai ta yi. Ya ce shi da bakinsa ya zaɓa wa likita ita, don Coy bai taɓa yin bindigar ajiya ba, ta harbawa yake yi, kuma da likita ya harba ta har ta tsufa da ya fi kowa murna.

"Amma ina zaune gabansa lokacin da yake goge marfin nan, Darrell. Hannunsa na rawa, yana ɓoye mini, ina yi kamar ban gani ba. Kwana goma sha biyu ya yi a kansa. Sannan a ce wani yaro a Texas zai ɗora shi a inji ya cinye shi cikin minti ashirin? Na kasa."

"Da ka gaya wa Mama Verna, ai da ta fasa cinikin."

"Na sani. Jiya da yamma na tuna haka, bayan na riga na zama ɓarawo."

Sufeto ya rubuta lambar bindigar, ya sa ta a leda. Ankwa na ƙugunsa, bai taɓa ta ba. Ya karanta wa malaminsa haƙƙoƙinsa da muryar da shi kansa bai gane ba, tsohon na gyaɗa kai kamar yana duba ko ya iya.

A bakin mota Hoyt ya tsaya ya juya yana kallon filin.

"In an gama komai, za su bar ni in dawo nan?"

"Ba za ka sake taɓa bindiga ba, Baba. Ko ta wani."

"Ko in tsaya daga baya ina gyara wa mutane tsayuwa?"

Sufeto ya sa ledar bindigar a mota. Hoyt ya ciro makullan filin daga aljihu, ya daɗe yana jujjuya su yana tunanin wanda zai bar wa, bai samu kowa ba. Ya rataye su a jikin ƙofar shinge, ya buɗe kujerar baya da kansa ya shiga.