Harsashi a Hoton Ƙugun Dogo

Kwikwiyo uku cikin shida suka fara ɗingishi tun ba su cika wata takwas ba. Da aka ɗauki hoton ƙashinsu, likitan dabbobi ya ce ciwon ƙugu ne na gado. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, uwar da uban duk an duba su kafin a haɗa su barbara, kuma takardu sun ce lafiyarsu ƙalau. Wani ya yi ƙarya ke nan. Takardar uban, wani ƙaton kare mai suna Dogo, tana ɗauke da sa hannun Kaneng, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibitin dabbobi a garin Salford na Ingila. Ranar Laraba aka dakatar da ita, aka ce idan ta tabbata jabu ta yi, lasisinta ya tafi.

Kai tsaye ta wuce gidan kawunta Gamaliel, idonta jawur. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aikin bincike da 'yan sanda kafin gwamnati ta tsuke bakin aljihu a sallame su. Yanzu gadi yake yi a wani kanti, amma tambaya ba ta bar bakinsa ba.

"Wa ya kawo karen?"

"Baba Bartholomew, daga Birmingham."

"Kin duba microchip ɗin, lambar shaidar da ke cikin fatarsa, da hannunki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce Dogo yana cizon baƙo. Sai ya karɓi scanner ɗin karanta lambar ya shiga bayan van, ya fito ya nuna mini lamba. Ita na rubuta."

"Karnuka nawa ne a motar?"

"Ban leƙa ba, Kawu. Dattijon coci ne fa. Shi ya yi mini addu'a ranar da na gama uni. Ta yaya zan ce masa ban yarda ba?"

Gamaliel ya ji haushi, ya kuma ji tausayi, don da shi ne a shekarunta da abin da zai yi ke nan. Sakaci ta yi, amma mai jabu ba ya tona kansa haka da sauƙi. Ya cire ta daga zargi.

Washegari ya je wurin Clara, mai karyar da ta haifi kwikwiyon. Tun bai zauna ba ta dire masa takardu a gaba.

"Kada ma ka fara, Gamaliel. Na sake kai tawa X-ray a wani asibitin daban, da ido na aka duba lambarta. Ga shi nan, clear, ƙugunta ƙalau."

Ya duba kwanan wata da lamba, komai ya yi daidai. Saura Dogo, wanda mai shi, Baba Bartholomew, ya ƙi a sake ɗaukar hotonsa, wai an ci masa mutunci.

Gamaliel ya karɓi kwafin hoton ƙugun Dogo daga Clara, ya hau bas zuwa wani babban asibiti da ke Oxford Road. Maƙwabciyarsa Dakta Kubura Ashafa a can take aikin karanta hotunan ƙashin mutane. Ta fito lokacin hutun rana, ta ɗaga hoton wajen haske.

"Malam Gamaliel, yanzu har kare ka mayar da ni ina dubawa? Ni da ko a hanya na gan shi sai na tsallaka titi!" Ta yi dariya, sai kuma ta tsaya. "Ka ga wannan ɗan farin ɗigon a gefen cinya? Ba ƙashi ba ne, ƙarfe ne. Pellet ne, irin na bindigar iska da yara ke harbi da ita. Ya daɗe a jikin."

Ranar Asabar da hantsi yana unguwar Lozells a Birmingham. Mama Raki, matar Bartholomew, ta buɗe masa ƙofa, ta kawo shayi suka gaisa. A bayan gida karnuka biyu suna haushi, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kamar an tsaga kara.

"Mama, na ji an taɓa harbin Dogo. Sannunku."

"Dogo? A'a, ƙanensa ne, Tauraro. Yaran layin nan ne suka harbe shi ta kan katanga. Likitan dabbobi ya ce a bar pellet ɗin a ciki, ba zai cuce shi ba. Ai Baba har shaida ya tashi ya bayar a coci ran godiya, kowa ya tafa."

Daidai nan Bartholomew ya shigo. Gamaliel ya miƙe ya gaishe shi da hannu biyu, sannan ya ajiye hoton a kan tebur.

"Baba, asibitin dabbobi nawa ne tsakanin nan da Salford?"

"Me kake nufi?"

"Ka wuce su duka ka je inda 'yarmu take, don ka san ita kaɗai ce ba za ta ce maka a'a ba. Karnuka biyu ka ɗauka. Lambar Dogo ka nuna mata, amma Tauraro ka miƙa aka ɗauki hotonsa. Ga harsashin nan a hoto, kuma coci guda ta ji daga bakinka wanda aka harba."

Dattijon ya dubi matarsa, ita kuwa ta dafe ƙirji. Ya zauna a hankali.

"An duba Dogo a nan bara, aka ce ƙugunsa ba kyau," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Shi ne mai takardar asali, shi mutane ke nema. Council, hukumar garin da nake wa aiki, ta sallame ni, ba ni da wani abin yi. Ban yi tunanin zai faɗa kan yarinyar ba."

"Ya faɗa. Ka rubuta wa asibitin abin da ka yi, ka sa hannu, ka kuma daina haɗa Dogo da kowace karya. Sauran, tsakaninka da Clara da hukuma."

Mama Raki da kanta ta ɗauko biro.

Kwana huɗu bayan haka, Gamaliel yana bakin aiki wayarsa ta yi ƙara. Kaneng ce, kuka da dariya sun haɗe mata har ba ya jin abin da take cewa.

"Yi a hankali, 'yata. Me suka ce?"

"Warning kawai suka ba ni, Kawu, gargaɗi kawai. Litinin zan koma."

Gamaliel ya jingina da bango ya sauke ajiyar zuciya. Sai a lokacin ya gane cewa tun Larabar da aka dakatar da ita bai ci abincin kirki ba.